Cigiyar Yaron da Bai Ɓata Ba

Goron Dutse, Kano
26 ga Mayu, 2013

Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Babarbaren mijinki da yara. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwar Baba Malam, surukina, da ya motsa da shigowar damina. Kwana goma ina kiran lambarki ba ta shiga, har na fara kawo mugun tunani, sai maigidana ya ce ai gaba ɗaya aka yanke muku waya a Maiduguri. Shi ya sa na ɓalle takarda daga littafina na Islamiyya. Isyaku direba, mai kawo wa maigidana huluna daga wajenku, ya ce zai kai miki har asibitin da kike aiki. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da wasiƙa tun kina zuwa hutu gidan Goggo a Jakara kina cinye min tuwo. Kakanninmu ne suka haɗa uwa, amma a wannan magana ba ni da wadda ta fi ki kusa.

Maganar Maharazu ce. Ke kika fara gaya min, shekara huɗu da suka wuce, cewa ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, otizim ake ce masa, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwarsa. Yanzu shekararsa goma sha biyu, ya kusa kamo ubansa a tsawo, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka saurayi ne. Har yau in an kira sunansa ba ya waiwaye, in an yi masa tsawa toshe kunne yake ya ƙara sauri. Kin kuma san sana'arsa. Kullum da hantsi ya saɓa buhunsa ya bi lungu yana tsintar gwangwanin lemo, ya kai bakin kwalbatin titi ya jera su reras, ya zauna yana kallonsu har azahar, sannan ya kwashe ya dawo. Shekara biyar yana haka ba wanda ya damu da shi.

To mako uku ke nan da sojoji suka kafa shinge, kuma duk tsawon titin nan ba su ga inda ya yi musu ba sai kan kwalbatin. Buhunan yashinsu suna daidai inda yake zama. Kin san tun harin bara ake cewa a gwangwanin lemo ake haɗa abin fashewar, yanzu ko babba ya ga gwangwani a ƙasa kewaye shi yake. Mai wucewa ta shingen sai ya ɗaga hannuwa sama. Ki auna min dogon yaro da buhun gwangwani a kafaɗa, ana ce masa ya tsaya yana ƙara sauri. 

Mun hana shi fita. Amma gidan mutum ashirin ba ya kulluwa, yanzu mai ruwa ya shigo, anjima mata masu karɓar ɗinkin hula, ga yara masu aike. Sai ni na zama ƙyauren. A bakin soro nake ɗinki, a nan nake cin abinci, ko banɗaki na shiga kunnena yana waje. An yi sunan 'yar ƙanwata a Kabara ban je ba, tana can tana fushi. Shi kuwa da hantsi ya yi sai ya ɗauki buhu ya zo ya tsaya a gabana, in na ƙi matsawa ya hau cizon hannunsa yana buga kai a bango. Goshinsa duk ya kumbura. Na gaji, Yaya, gajiyar da ban taɓa yin irinta ba.

Jiya Baba Malam ya kira maigidana zaure ya ce a je wajen maƙera a yo mari, a sa wa yaron a ƙafa a ɗaure a ginshiƙin rumfa har Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa. Maigidan nawa kin san shi, a kasuwar Kurmi bakinsa ya fi na kowa, a gaban ubansa kuwa sai sunkuyar da kai. Ni na aika na ce mari na mahaukata ne, ɗana kuwa ba mahaukaci ba ne. Kin san ni da kalmar nan, a kanta na shekara biyu ba na gaisawa da matar maƙwabcinmu. Na roƙi Baba Malam ya jira in ji daga gare ki, ya yarda, don yana ganin girmanki, likita yake ce miki. Don Allah kada ki bar Isyaku ya juyo hannu banza.

Ƙanwarki,
Turai

Maiduguri
3 ga Yuni, 2013

Turai ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni a bakin aiki tana warin man mota, a tsaye na karanta ta. Muna nan da rai, alhamdu lillahi. Babarbaren yana gaishe ki, ya ce tun da aka yanke waya duk surutun da nake yi miki shi yake sha. A gaida Baba Malam da gwiwa, a riƙa gasa masa da ruwan ɗumi. Tuwo kuma ban cinye miki ba, ke ce kike tsayawa wasa da miya. Isyaku minti ashirin ya ba ni, don yana so ya fita gari kafin a rufe hanya, saboda haka ki karanta da haƙuri.

Abin nan ya wuce yadda kuke ji a rediyo. A sashenmu na masu lalurar ƙwaƙwalwa magani ya kusa ƙarewa, abokan aiki da yawa sun kwashe iyalinsu sun tafi. Shekaranjiya wata tsohuwa ta kawo ɗanta, ƙato da shi, ta ɗaure ƙugunsa da igiya ta ɗaura ɗaya bakin a nata ƙugun. Ta ce a gida ma a jikin darbejiya take ɗaure shi, don wani maƙwabcinsu mai irin ciwonsa ya fita lokacin dokar hana fita, har yau bai dawo ba. Ni da na shekara goma sha biyar ina yi wa mutane faɗa a kan ɗaure marasa lafiya, na dubi matar nan na kasa ce mata ta yi laifi. Ɗakin magani na shiga na yi kukana na fito.

Ga abin da nake so ki gwada. Maharazu ba titin kaɗai yake so ba, tsarin yake so: lokacin, tsintar, jerawar. Ki sa a tsinto gwangwanayen a watsa masa a tsakar gida da soro, da hantsi ki ba shi buhunsa ya tsinta da hannunsa. Ki nema masa dakali mai tsawo kamar kwalbatin. Kwanakin farko zai ƙi, kada ki karaya. Ki kuma rage masa dogon bayani, na san ki, kalma biyu da nuni da hannu sun ishe shi.

Amma babbar maganar ita ce mutane su san shi. Ba wanda zai iya tsare ƙofa har abada, wata rana sai ya fita. Ranar kuwa abin da zai cece shi, bayan Allah, shi ne a sami wani a titi wanda ya san ko wane ne shi, ya kuma san abin da zai yi. Ɓoyon da ake yi shi ne haɗarin. Ki fara da mata, su ne suke riƙe da lungu. Maigidanki Malam Salihu kuma ki ce masa ni na ce ya buɗe baki, ɗansa ne, ba hular sayarwa ba.

Ga Isyaku can yana danna min hon. Allah ya tsare mu da ku.

Yayarki,
Mardiya

Goron Dutse, Kano
14 ga Yuni, 2013

Yaya Mardiya,

Salamu alaikum. Na so in yi miki doguwar gaisuwa kamar yadda aka koya mana, zuciyata ba ta kai ba. Ina fata kuna lafiya. Mu ba lafiya ba.

Ranar da Isyaku ya iso maigidana ya tafi kasuwar Wudil, sai direban ya kawo hulunan gida ya miƙa takardarki a zaure. A gidan nan kuwa takarda ba ta wuce zaure ba a buɗe ta ba. Baba Malam ya sa tabarau ya karanta, ya tara 'ya'yansa, ya sa aka kira ni bayan labule, ya karanta labarin tsohuwa mai igiya har sau biyu. Ya ce, "To ga likitar da kike jira, ita ma ta ce ba laifi." Na ce a karanta sauran. Ya ce ya karanta, sauran zancen 'yan boko ne da ba su san gidan mutum ashirin ba.

Ranar Laraba aka sa marin. Maza uku suka danne shi, yaron da ko ni uwarsa sai na nuna masa hannuna kafin in taɓa shi. Ba zan rubuta miki irin kukan da ya yi ba. Maƙerin ya tausaya ya naɗe ƙarfen da tsumma. Sarƙar taku shida ce, na auna da ƙafata, makullin kwaɗon kuma yana aljihun Baba Malam. Na so in tsani tsohon nan na kasa, don kullum bayan la'asar sai ya ɗingiso ya zauna kusa da ginshiƙin yana jan carbi, idonsa jajur. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Turai, gara in ji kukansa da in yi masa salla."

Ke nake jin haushi. Duk abin da ke faruwa a Maiduguri ba ki ga na rubutawa ba sai tsohuwa da igiya? Na tambaye ki maganar mari, kin cika takarda ba ki ce a'a ko sau ɗaya ba. Da kin sa kalma ɗaya da ban rasa abin riƙewa a bayan labulen nan ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci min rai, ke kaɗai zan iya gaya wa. Tun da aka ɗaure shi na yi wanka na rufe ƙofa, na ci abinci a zaune a ɗakina, har na yi barcin rana. Na ji daɗin hakan, Yaya. Da na farka na ji ƙarar sarƙa sai na ji kunyar kaina.

Gwangwanayen na watsa masa kamar yadda kika ce. Yana tsintar waɗanda sarƙa ta kai, ya jera su suna fuskantar ƙofa.

Ɗazu bayan la'asar ladan ya yi cigiya a lasifikar masallacin lungu, wata yarinya 'yar shekara uku mai jar riga ta ɓata. Kafin magariba an kawo ta, don duk unguwa ta baza ido. Sai na ce a raina, dole ne sai yaro ya ɓata za a yi cigiyarsa? Na zauna na rubuta wannan, ki duba min:

"Jama'a, akwai yaro a gidan Malam na lungun marina, sunansa Maharazu, dogo ne, yana yawo da buhun gwangwani. Bai ɓata ba, yana gida. Amma in kun gan shi a waje kada a yi masa tsawa, kada a kama shi ta baya. Ba ya amsa kira, ba kuma raini ba ne. A sha gabansa a hankali, a aiko gida."

In duk unguwa ta ji wannan, ina ga Baba Malam ba shi da sauran hujjar riƙe makulli. Fushina bai huce ba, amma ki ba ni amsa.

Turai

Goron Dutse, Kano
24 ga Yuni, 2013

Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum, da fatan wannan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Kwana goma shiru. Isyaku bai dawo ba, iyalinsa ma ba su ji ɗuriyarsa ba, rediyo kuma kullum sai an ambaci hanyarku. Wannan wani direba Haruna na ba, wanda maigidana ya sani a tasha. In fushi kike yi da waccan takardar, ki yi fushin amma ki aiko ko da layi ɗaya ne in san kina numfashi. Na faɗa miki magana mai zafi alhali ke ma a cikin wuta kike, ki yafe min.

Cigiyar ba ta yiwu ba. Na bi ta wajen Uwa, matar ladan, ta kai masa takardar. Ladan Malam Ashafa ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an yi cigiyar wanda yake zaune a gida ba, kuma ko da zai yi sai da yawun mai gidan. Kafin in dawo labari ya riga ni zaure. Baba Malam ya ce tonon asirin gida nake so in yi a lasifika, gobe wa zai zo neman auren 'yan matan gidan in an ji irin jinin da ke ciki. Maigidana kuma ya ce in bar maganar. Saƙonki na isar masa, sai ya hau gyara zaman hularsa.

Sai na fara bin gidaje da kaina tsakanin azahar da la'asar. Kin ga abin takaici, sarƙar da nake yaƙi da ita ita ce ta ba ni damar fita. Ranar farko na tafi da takardar a hannu da jaka a kafaɗa, ban yi tunani ba. Tun da aka harbe matan allurar foliyo a watan Fabrairu, mace mai bin gidaje da takarda abin tsoro ce. Wani mai gida ko sallamata bai amsa ba, ya ce in yi gaba kada in jawo musu bala'i. Yanzu na haddace abin, hannu biyu nake shiga kamar mai zuwa barka.

Na shiga gida goma sha ɗaya. Wasu sun ba ni sunan malamin ruƙiyya, wata ta ce in gwada hayaƙin kaza, wata ta saurara har ƙarshe sannan ta tambaye ni farashin ɗinkin hula. Amma a wani gida, ba zan faɗi wanne ba, matar ta ja hannuna zuwa ƙuryar ɗaki. Wata budurwa ce a zaune a tabarma tana jijjiga jiki tana murza zare a gaban idonta. Shekararta goma sha shida, gida huɗu ne tsakaninmu, ban taɓa sanin an haife ta ba. Muka zauna ni da uwar muna kallonta.

Na je har wajen 'Yardada mai ƙosai, wadda take suya a bakin titi, sojojin ma a wajenta suke saya. Ta saurare ni tana juya ƙosai, sannan ta ce, "To 'yar nan, in abin ya taso me zan ce musu? Wannan otizim ɗin naki bakina ba zai iya ba, su ma ba su san shi ba." Na ce ta ce yaro ne da ba ya jin kira. Ta ce to, amma na ga ba ta gamsu ba.

Ƙafarsa ta yi gyambo duk da tsumman. Kwana uku ke nan ya daina jera gwangwanin, ya daina ɗan gurnanin da yake yi in yana jin daɗi, abinci ma sai na yi da gaske. Zaune kawai yake yana kallon ƙofa. Da yana kuka na fi samun natsuwa.

Ƙanwarki,
Turai

Maiduguri
28 ga Yuni, 2013

Assalamu alaikum Baba Malam,

Na san kai za ka fara buɗe wannan, shi ya sa na fara da kai. Ina gaisuwa da girmamawa, ya gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Baba, laifina ne da ban fito fili na faɗa ba. Tsohuwar da na ba da labari ita kaɗai ce da ɗanta, ba miji, ba dangi, ba ƙofa a gidan. Na kasa ce mata ta yi laifi ne don ba ta da kowa. Kai kana da mutum ashirin a gida da unguwa guda mai jin maganarka. Ban ce a ɗaure Maharazu ba, ba zan taɓa cewa ba. Na ga abin da mari yake yi, gyambon ƙafa shi ne ƙaraminsa. Yaron da ya daina kuka ba lafiya ya samu ba, sallamawa ya yi. Na san tsoro ne ya sa ka, tsoron kuma gaskiya ne. Amma ina roƙonka don Allah ka cire, ka bari a yi cigiyar. In na yi rashin kunya a yafe min, 'yarka ce.

Turai, sauran naki ne. Yau takardunki biyu suka zo tare, motar Isyaku ta lalace a Damaturu ya kwana goma sha biyu a can, yana lafiya, ki gaya wa iyalinsa. Ban yi fushi ba, kin yi gaskiya. Ina ganin abin a fili yake har ba ya bukatar faɗa, na manta ba ke kaɗai kike karanta takardarki ba. Tun safe nake jin kamar ni na riƙe masa ƙafa.

Barcin da kika yi kuma ki daina jin kunyarsa, ke ma mutum ce. Gyambon ki wanke da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, ki bar shi ya sha iska. Cigiyar ta yi, ban da abin gyarawa, ni da karatuna ban taɓa kawo wannan dabarar ba. Ki koma wajen uwar budurwar nan ko ba ki da abin ce mata.

In an cire marin a yi hankali da kwanakin farko, a raba tsaron ƙofar, kada a bar miki ke kaɗai.

Yayarki,
Mardiya

Goron Dutse, Kano
7 ga Yuli, 2013

Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina yi muku barka da shirin azumi, Allah ya nuna mana da rai da lafiya. Bari in fara da abin da za ki fi son ji: Maharazu yana raye, yana gida, ba ƙarfe a ƙafarsa.

Takardarki ta zo ranar Litinin. Baba Malam ya karanta nasa, ya daɗe a zaure, sannan ya shigo da kansa ya ajiye min makullin a kan tabarma. Ya ce tunda mun fi shi sani ga shi nan, abin da ya biyo baya mu da Allah. Cigiya kuwa ya ce ba da ransa ba. Na buɗe kwaɗon, yaron bai ko motsa ba, sai da ya yi yini guda kafin ya taka ya wuce inda sarƙar take tsayawa. Muka raba tsaron ƙofa ni da matan gidan kamar yadda kika ce.

Ranar Alhamis da hantsi mai ruwa ya turo kurarsa soro, aka buɗe ƙyauren duka biyu. Wadda ke tsaro ta juya ɗauko bokiti, ni ina wanke-wanke. Da na ɗago ba shi, ba buhu. Na fita ba takalmi, mayafin wata na fizga a igiya. Ina fitowa bakin lungu na hango shi, yana ɗingishi, ya nufi kwalbatinsa kai tsaye. Wani soja ya daka masa tsawa, ya toshe kunne ɗaya ya ƙara sauri. Mutane suka watse, wasu suka kwanta a ƙasa. Ya isa gaban buhunan yashin ya durƙusa, ya zura hannu a buhunsa ya fito da gwangwani ya ajiye. Na ji ƙarar da bindiga take yi in an ɗana ta.

'Yardada ta yar da matsaminta ta taso hannuwa sama tana cewa yaro ne ba ya jin kira, ba ya jin kira. Ba wanda ya fahimce ta. Ni kuma ina gudu, duk abin da na haddace na bin gidaje ya gudu daga kaina, ya yi tsawo, ba lokacinsa. Sai na ji bakina yana ihu, "Mahaukaci ne! Mahaukaci ne! Ɗana ne, mahaukaci ne!"

Wannan kowa ya gane. Masu shago suka ɗauka, waɗanda ke kwance a ƙasa suka ɗauka, titin gaba ɗaya. Babban cikin sojojin ya ɗaga hannu, bakin bindigogin ya yi ƙasa. Aka sa ni na zazzage buhun a tsakiyar kwalta, gwangwani ashirin da uku, ba komai a ciki. Maharazu ko kallonsu bai yi ba, ya bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙafar sojan. Suka bar shi ya gama, sannan na nuna masa hannuna na kama nasa muka taho. Ban san tafin ƙafata ya tsage ba sai da na ga jini a soro.

Baba Malam bai ce min ai ga abin da yake gudu ba, da ya ce da na fi jin sauƙi. Ranar Juma'a bayan la'asar ya aiko in ba shi takardar cigiyar. Bai ba ladan ba, da kansa ya karɓi lasifikar, muna tsakar gida muna jin muryarsa. Ya karanta yadda na rubuta, bai sake ko kalma ba, sai a ƙarshe ya ƙara cewa jikansa ne. Jiya mata uku suka shigo wajena, har da uwar budurwar nan, kowacce da wanda take ɓoyewa a ɗaki. Mun ce za mu riƙa zama ranar Asabar. Maigidana kuma yau ya makara zuwa kasuwa, ya raka Maharazu wani kwalbatin na gindin dutse, yaron bai yarda ya zauna ba tukuna. Shingen yana nan, ni ma ina nan a bakin soro da ɗinkina.

Saura abu ɗaya. Kin san in kalma ta shige shi yakan yi makonni yana maimaita ta, yadda ya ji ta. Tun ranar Alhamis abin da yake faɗa ke nan. Yana jera gwangwani yana cewa mahaukaci ne, ɗana ne, mahaukaci ne, da muryata, har da inda numfashina ya sarƙe. Shekara goma sha biyu ina hana duniya ta faɗa masa, daga bakina ya fara ji. Matan gidan sun ce a riƙa tsawatar masa ya daina. Na ce kada wanda ya taɓa shi, a bar shi ya faɗa har ya gaji, ni ce ya kamata in saurara.

Ki gaida Babarbare da yara.

Ƙanwarki,
Turai